Libarbar Baba Iliya

Shekara talatin da biyu na yi ina riƙe da makullin ɗakin makamai, wanda a barikin 'yan sanda ake ce wa amori, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa harbin ko ƙadangare ba. In na faɗa wa samarin da ke taruwa a bencin ƙofar gidana a Sintali da yamma, sai su kwashe da dariya. A ganinsu aikin amora shi ne ya zauna a inuwa, ya miƙa bindiga da safe ya karɓa da yamma, kamar mai tsaron takalma a ƙofar masallacin Juma'a. Wani cikinsu ma ya ce in aka ba shi mako guda da waya mai data zai iya aikina tsaf. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, amma ya sanar da ni ranar da zai fara don in kai iyalina ƙauye.

Aikin farko da aka ba ni a amori shara ce. Maigidana Saja Buba, wani dogon Bafulatani mara son magana, ya miƙo min tsintsiya ya ce in share, ya koma ya zauna. Wata guda cur ina shara ina cika bokiti da yashi, ban taɓa ƙarfe ba. Ranar da ya ga dama ya kira ni, ya buɗe wata bindiga a gabana, ya nuna min babu komai a cikinta, ya rufe, ya miƙo min. Na karɓa da murna na rungume. Kafin in ankara sandar gogewa ta sauka a bayan hannuna. Ya ce idonsa ne ya gani, ba nawa ba, in buɗe in duba. Na buɗe, na duba, na rufe, na mayar masa. Shi ma da ya karɓa sai ya sake buɗewa ya duba. A lokacin na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Kayan aikinmu ba wani abin burgewa ba ne, in kun gan su a ƙasa sai ku tsallake. Akwai sandar gogewar nan da ta san bayan hannuna, da igiya mai ɗan nauyi a kai wadda ake ɗaura wa ƙyalle a ja ta cikin bututu, da burushi, da man bindiga, da kananzir a kwalbar magani. Bokitin yashi kuwa kullum yana gefen ƙafarka, domin duk bindigar da ba ka sani ba can ake juya bakinta, ko ta tashi yashi ne zai sha. Amma abin da Saja Buba ya fi ji da shi tsinken tsintsiya ne. A bayan kunne yake maƙale shi. Da shi yake auna bututu ta waje, ya sa farce ya yi alama, sannan ya zira ta ciki. In tsinke ya tsaya kafin ya kai alamar, to akwai wani abu a hanya, kuma wannan bindigar ba ta fita daga ɗakin.

Abubuwan da na zaƙulo daga cikin bututu suna da yawa. Wani kofur ya cusa ledar biredi a bakin tasa don kada ruwan sama ya shiga, ya manta, ya yi sintiri da ita mako biyu a haka. Wani maharbi daga bayan Nukkai ya rataye bindigarsa ta toka a rumbu duk damina, zanzaro ya shiga ya yi gini a ciki, har da ɗakuna. Shi kuma rantsuwa yake yi sammu aka yi masa, sai da na zazzage masa ƙasar a tafin hannu.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda aka yi ta rigingimu a ƙauyuka, da abin ya lafa aka ce kowa ya miƙa makaminsa. Aka riƙa kawo mana su a akori-kura, a jibge kamar itacen girki. Yawanci ƙirar gida ce, bututun ruwa da ƙotar itace, kuma babu biyu da ake buɗewa iri ɗaya. Wata uku muna wannan aiki daga safe har magariba. Wata rana da azahar, ga gajiya ga yunwa, wani abokin aiki ya miƙo min wata gajeruwa ya ce ya duba, babu komai. Na yarda da shi. Ta tashi a hannuna, rabin ƙaramin yatsana na hagu ya tafi. Ban ga laifinsa ba, laifina ne. Saja Buba ya riga ya rasu a lokacin, kuma wallahi a gadon asibiti kunya ta fi ciwon damuna.

Amma aikin da nake so ku ji ya same ni ne bayan na yi ritaya da shekara biyu. Wata Alhamis da hantsi keke ya tsaya a ƙofar gidana, wata tsohuwa ta sauko da ƙyar tana dafa gwiwa. Mama Saratu ce, wadda muke ce wa Maman Bitrus. Ta yi shekaru tana sayar da kunun gyaɗa a ƙofar barikinmu, babu ɗan sandan da bai san ƙwaryarta ba. Mijinta Baba Iliya tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama yana saurayi. Duk unguwarsu ta Mayo Gwoi Saja ake ce masa, ko da yake ni dai ban taɓa ganin takardar da ta ba shi igiya uku ba. Kowa a unguwar ya san yana da libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, a ƙarƙashin katifa. Awakinsa a waje suke kwana babu mai taɓawa, kuma duk sanda gari ya ɗan yi zafi maƙwabta gidansa suke tarewa da 'ya'yansu. Mu ma a bariki mun ji labarin, muka ɗauka cika bakin tsohon soja ne.

Bayan mun gaisa, na yi mata ya haƙuri, domin Baba Iliya na gab da cika shekara guda da rasuwa, sai ta ce:

"Baban Hauwa, ka zo ka duba min bindigan Baba. Bitrus ya ce zai harba shi ran Asabar. Na yi magana, ya ce tsoron mata ne. Kai dai ka duba, abin da idonka ya gani ka gaya masa."

A danginsu, in tsohon soja ko maharbi ya cika shekara, bayan an fito daga coci ana zuwa ƙauye a tsaya a bakin kabarinsa, babban ɗa ya ɗaga bindigar uban ya yi harbin farko sama, sannan sauran maharba su amsa da nasu. Wanda bai yi ba sai a ce ya kasa ɗaukar gidan. Bitrus ya riga ya shaida wa dangi kaf cewa da libarbar Baba zai yi, ba da aron bindigar toka ba. Saura kwana biyu ke nan. Na zuba kayana a jaka, na zaro tsinke daga tsintsiyar Maman Hauwa, muka hau keken tare.

Mun tarar da gidan a cike. Mata na tsince shinkafa a tsakar gida, wasu na gwada ankon da aka buga da hoton marigayi. Bitrus ya fito daga ɗaki, mutum mai shekara arba'in da wani abu, ma'aikaci a sakatariya, da tabarau da ɗan tumbinsa na ofis. Yaron kirki ne, a gabana ya girma. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya ya ce Mama ta wahalar da ni a banza, shi ya riga ya yi cekin ɗin komai a intanet. Ya koma ɗaki ya fito da libarbar a hannu, yana magana yana nuni da ita, bakinta ya bi ta kan matarsa, ya bi ta kan tukunya, ya zo ya tsaya a kan cikina. Daga inda nake zaune na hango kawunan harsashi a cikin ramukan gangar da ke juyawa.

Ban ɗaga murya ba, domin ba a firgita mai riƙe da bindiga. Na ce masa a hankali ya cire yatsa daga kunama, ya juya bakin ƙasa, ya tsaya a haka. Na sa aka ciko bokiti da yashin ginin maƙwabta, na karɓi bindigar, na ce wa matan su koma bayan gida da shinkafarsu. Maman Bitrus ce kaɗai ta ƙi tashi. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofarta, ta harɗe hannu.

Sai a lokacin na kalli bindigar da kyau, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta burge ni. Irinta biyu kacal na taɓa riƙewa a duk aikina. Nauyi gare ta, ana karya ta a tsakiya ne a zuba harsashi shida, kuma a gindin ƙotar akwai zoben da ake ɗaura igiyar ratayawa. Bitrus ya ce wayarsa ta gaya masa ta Jamus ce, Baba ya ƙwace ta ne daga hannun abokin gaba a fagen fama. Na ce masa ni dai a sanina ba Jamusawa aka yaƙa a Bama ba, amma ban yi karatu mai zurfi ba. Na goge gefenta da ƙyalle na nuna masa ɗan hatimin kambin sarauta da wata 'yar kibiya da aka buga a ƙarfen. Na ce ta sojan Ingila ce, irin wadda hafsoshinsu ke ratayawa, kurtu ba ya riƙe ta, sai dai in maigidansa ne ya ba shi. Maman Bitrus daga can ta ce haka ne, Baba shi ke wanke wa wani Baturen hafsa kaya yana dafa masa shayi, da za su rabu ya ba shi. Bitrus ya sha mur, ya ce ba haka ya ji labarin ba.

Na taɓa makullin da ke buɗe ta, ya ƙi motsi, yatsana ya fito da danƙo ja. Na shinshina, man ja ne. Ashe bayan ya samo harsashi biyar a gwangwanin lambobin yabon Baba ya zuba su a ciki, sai ya yi mata wanka da man miya, ya shanya ta a rana wai don man ya ratsa, ya naɗe a tsumma ya ajiye mako uku. Na tambaye shi ko ya sa mata gishiri da daddawa. Ya ce a bidiyon an ce a sa mai, ba a faɗi wane iri ba.

Na ɗiga kananzir a makullin da mahaɗin, na jingina ta da bakinta cikin yashi, muka zauna jira. Aka kawo min kunu. A nan na tambayi Bitrus lasin bindigar, ya ce babu, kuma bai taɓa jin Baba ya yi maganarsa ba. Na gaya masa gaskiya, irin wannan ba a gadonta kamar gona, ko me na gani a ciki hukuma za a miƙa wa, ni zan raka shi in yi bayani. Ya ce ya ji, amma sai bayan Asabar. Ya ce tun yana yaro Baba bai taɓa barinsa ya taɓa ta ba, ko kallon katifar ya yi sai an daka masa tsawa, ya sa a ransa Baba bai ɗauke shi namiji ba. Saboda haka ran Asabar, a gaban kawunansa, zai ɗaga ta ko sau ɗaya ne. Na ji tausayinsa.

Bayan kamar rabin awa makullin ya saki. Na karya ta a hankali, na zare harsasan ɗaya bayan ɗaya na jera a kan ƙyalle. Duk sun yi kore don tsufa. Irinsu wani ba ya tashi, wani kuma sai ka sauke hannu kana duba abin da ya faru sannan ya tashi. Na ƙirga ramuka shida da idona, babu komai. Sannan na ɗaga bututun sama na leƙa ta baya. Rana tsaka ce, amma ban ga haske ba.

"Na gani, Baba," in ji Bitrus. "Datti ne kawai. Harsashi na farko zai share shi."

Na ciro tsinke daga bayan kunne, na auna ta waje, na zira ta gaba ya tsaya, na zira ta baya ya tsaya. Abin da ke tsakani ya kai faɗin yatsu uku. Ba ginin zanzaro ba ne, domin ƙasa tana marmashewa, kuma ya fi ƙarfin harsashin da ya maƙale. Na nemi doguwar ƙusa na karce, bakinta ya fito da wani abu mai laushi mai sheƙi. Na haska tocila na ga inda ya gangara ta jikin bututun ya daskare. Dalma ce, narka ta aka yi aka zuba, kuma wanda ya yi ya yi ne da gangan tun shekaru masu yawa.

Na yi masa bayani ba tare da ado ba. Harsashi in bai sami hanya ta gaba ba, ta gefe da ta baya yake nema. Ƙarfen tsoho ne, mahaɗin nan da makullin su za su fara tarwatsewa, hannun dama ya tafi, fuska ta samu rabonta, sauran kuma ya watsu a kan duk wanda ke tsaye a bakin kabarin. Na tambaye shi wa zai tsaya kusa da shi ran Asabar. Ya ce Mama da 'ya'yansa.

Na ɗauka jikinsa zai yi sanyi, sai ga shi ya miƙe yana huci. Ya ce ya san wanda ya yi, Kawu Yohanna ne, ƙanin Baba, wanda ya daɗe yana son bindigar aka hana shi. Ya ce don ya kunyata shi a gaban dangi ne, ko ma don ya kashe shi, kuma yau ɗin nan kowa zai ji. Ya zaro waya yana neman lamba.

"Ajiye wayan nan," in ji Maman Bitrus. Ba ta tashi daga kujerar ba. "Yohanna bai san komai ba. Ni na hura gawayi, Babanka ya zuba."

Bitrus ya juyo, wayar na hannunsa.

"Kana shekara huɗu. Baba ya je coci, ni ina dakan gyaɗa a nan wurin. Na ji shiru, na shiga ɗaki, na same ka a ƙasa. Ka jawo shi daga ƙarƙashin katifa, ka riƙe da hannu biyu, ka sa ido ɗaya a bakin kana leƙawa. Harsashi yana ciki. Da Baba ya dawo bai doke ka ba, bai yi min faɗa ba. Ya je wurin masu kamun kifi ya karɓo dalman da suke ɗaura wa koma. Kafin yamma mun gama."

Bitrus ya ce amma duk shekarun nan mutane suna kawo 'ya'yansu gidan nan saboda bindigar. Ta ce shi ya sa Baba ya sa ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanta, domin sunan bindigar ya isa gadi. Yaro in ya sani, unguwa ta sani.

"Na ce masa, to in ɓarayi suka zo da gaske fa? Ya ce su kwashe awaki. Awaki za mu sayi wasu."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa tsohuwar nan ta hau keke da ciwon gwiwa har Sintali. Ta san abin da ke cikin bututun tun kafin in fara aikin ɗan sanda. So take tsinkena ya faɗa, ita ta riƙe alkawarinta, kuma da ba don za a ɗora wa Yohanna laifi ba, da haka za ta yi shiru har kabari. Ni da nake taƙama da shekara talatin da biyu, ashe ɗan aike aka mai da ni.

Na fara tattara kayana, domin maganar ta wuce ta amora. Harsasan na ƙulle su a hankici na sa a jakata. Bitrus ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko zai iya tafiya da ita ran Asabar haka, babu komai a ciki, ya ɗora ta a kan kabarin kawai, maharba su yi harbinsu. Na ce masa Litinin da safe zan zo mu kai ta tare, tsakanin yau da Litinin kuwa ni ɗan fansho ne, idona ba ya ganin nesa.

Na kai bakin zaure na ji yana tambayar uwarsa.

"Mama, wane ido ne na sa a bakin?"

"Na dama."

Na waiga. Yana zaune a kan turmi, tabarau a cinya, ya rufe idon da tafin hannu, ɗayan yana zubar da hawaye. Na fita na nemi keke.